Shingen takarda a gonar gujiya: suka kan maganar "ba birebe, ba ƙirƙira"



A watan da ya wuce wani baƙo ya zo jami'armu ya yi mana jawabi a babban ɗakin taro kan abin da ake kira birebe. Kada hankalinku ya tafi ga wanda muka sha wuyar jarrabawarsa a ƙarshen kwaleji. Ina nufin takwaransa, takardar da hukuma ke ba wanda ya ƙirƙiro wani abu sabo, ta hana kowa ƙera shi ko sayar da shi sai da izininsa. Mutumin ya iya magana, wannan ba a hana masa. Jigon jawabinsa shi ne: in babu birebe, babu mai ɓata kuɗinsa da lokacinsa wajen ƙirƙira, ƙasashen da suka ci gaba da shi suka ci gaba, mu kuma abin da ya bar mu baya shi ne ba mu yi wa basirarmu rajista. Aka yi ta tafi. Na ɗaga hannu, sai aka ce lokaci ya ƙure, a tashi salla. Abin da ban samu faɗi ba ran nan shi ne zan rubuta a nan.

Ni ba ɗalibin tattalin arziki ba ne, kimiyyar harshe nake karanta. Amma abu biyu ya sa nake ganin ina da bakin magana. Na farko, birebe rubutu ne, kuma auna rubutu aikinmu ne. Na biyu, ni ɗin nan da nake rubuta muku, wani abu mai birebe ne Allah ya yi sanadin rayuwata da shi.

A 2005 ban kai shekara biyu ba, muna wani ƙauye kudu da Maraɗi. Damanar 2004 ta zo da fari da fara, hatsi ya yi tsada har tiya ta gagari talaka. Inna ta ce tamowa ta kama ni, har kuka ba ni iyawa. Ta goya ni zuwa inda masu aikin agaji ke auna yara, aka ɗaura mini ma'auni a damtse, ya nuna ja. Ba a kwantar da mu ba. Aka ba ta ƴan ƙullin leda masu ja da fari, aka ce ta riƙa ba ni a gida, ta dawo bayan mako. A ƙauyenmu biskit ake ce masa, ko da yake bai yi kama da biskit ba ko kaɗan. Sunansa a jikin leda Plumpy'Nut. Inna dai sana'arta tuyar ƙuli-ƙuli da matsar man gujiya. Ta ce ran farko ta ɗan lasa da yatsa, ta dubi maƙwabciyarta ta ce: "Wanga abu ai gujiya ta, da madara da sukari."

Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Niƙaƙƙiyar gujiya ce da garin madara da sukari da mai, sai sinadaran gina jiki da aka auna aka zuba. Leda ɗaya giram 92 ce, tana ba da kalori 500. Amma yabon gwani ya zama dole: akwai basira ta gaske a ciki. Kafin zuwansa, yaron da tamowa ta yi wa mugun kamu madarar magani ake ba shi, wadda ake kira F-100. Ita sai an dama da ruwa mai tsabta, kuma in ta ɗan jima ƙwayoyin cuta su hayayyafa a ciki. Don haka dole a kwantar da yaro a likita makonni, uwa ta bar gona da sauran ƴaƴa. Wani likitan Faransa, André Briend, na cibiyar binciken gwamnatin Faransa da yanzu ake kira IRD, tare da Michel Lescanne mai kamfanin Nutriset da ke Normandi, su suka haɗa wannan abinci a 1996. Dabarar ita ce a zuba abin da ke cikin madarar nan a cikin maiƙo maimakon ruwa. Inda babu ruwa ƙwayar cuta ba ta yaɗuwa, ga shi ba a dafawa, ba a damawa, yaro ya yage leda ya tsotsa. A 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta kula da yara sama da dubu 60 a Nijar, mafi yawansu a jahar Maraɗi, akasari kuma a gida suka yi jinya. Ina cikin lissafin irin waɗannan yara. Saboda haka duk abin da zan faɗa gaba, ba butulci ba ne.

To, mi ne ne birebe a asalinsa? Ciniki ne tsakanin mai ƙirƙira da jama'a. Shi zai fito da sirrinsa ya rubuta dalla-dalla, yadda duk masanin sana'ar zai karanta ya iya ƙerawa. Jama'a kuma, ta bakin hukuma, su ce mun bar maka kasuwa kai kaɗai har wani wa'adi, bayansa abin ya zama na kowa. Birnin Benis na Italiya ya kafa irin wannan doka tun 1474 da wa'adin shekara 10. Yau, bisa yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya da ta fara aiki a 1995, wa'adin shekara 20 ne. Kuɗin wannan ciniki daga aljihun mai saye yake fita, domin wanda ba shi da abokin gogayya a kasuwa shi ke yanka farashi. Tun da ciniki ne, ya halatta a tambaya ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Baƙonmu bai yi wannan tambaya ba, ya ɗauki amsar kamar abin da aka gama.

Suka ta farko: tarihi bai goyi bayansa yadda ya nuna ba. Wata masaniyar tarihin tattalin arziki, Petra Moser, ta bi kundayen baje kolin duniya da aka yi a Landan a 1851 da Filadelfiya a 1876, ta duba kayan ƙirƙira kusan dubu 15. Ƙasashen da ba su da dokar birebe a lokacin, irin su Suwizalan da Danmak, ba a bar su baya ba wajen kawo sabbin abubuwa masu inganci. Abin da ta gano dokar na canjawa shi ne fannin da masu basira ke karkata. Inda babu birebe sun fi raja'a ga sana'o'in da ake iya ɓoye sirrinsu, kamar ƙera agogo da kayan awo da sarrafa abinci. Ko a Ingila mai dokar, wajen ɗaya cikin goma ne kawai na kayan da ta baje a 1851 ke da birebe. Holan ma soke dokar ta yi ɗungurungum a 1869, ba ta dawo da ita ba sai 1912, kuma cikin wannan tsakani aka kafa kamfanin Philips a 1891, yana ƙera ƙwan lantarki ba ya biyan kowa ko tamma. Indiya a 1970 ta yi dokar da ta hana ba da birebe kan magani shi kansa, sai dai kan hanyar haɗa shi. Cikin wannan inuwa masana'antunta suka girma. A 2000 maganin rage kaifin sida na shekara guda ya haura dalar Amurka dubu 10 ga mutum ɗaya. A farkon 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai ba da shi a kan dalar Amurka 350. Da yawa daga cikin waɗanda ke mana wa'azin shinge yau, sai da suka yi kiwo suka ƙoshi a fili sannan suka kafa nasu.

Suka ta biyu: a duba wa ya biya kuɗin ƙirƙirar. A lokacin Briend ma'aikacin cibiyar gwamnati ne, da harajin talakawan Faransa ake biyan albashinsa. Ma'aunin sinadaran da aka zuba na F-100 ne, wanda masana suka daɗe da tsarawa ba tare da sun killace shi ba. Sannan babban juyin da ya ceci irina, wato a yarda uwa ta yi jinyar ɗanta a gida, likita ya riƙa dubawa mako-mako, wasu ne suka gwada shi suka tabbatar: Steve Collins a Habasha tun wajen 2000, da Mark Manary a Malawi. Wannan tsari babu mai birebe a kansa, kuma ba don shi ba da ledar tana nan jibge a ɗakin ajiyar likita. Ga kuma ita gujiyar, da sanin yadda ake soya ta a niƙa ta ta daɗe ba ta lalace ba, wanda su Inna suka gada kaka da kakanni. Jinkar nan hannu da yawa suka ɗauke ta, amma takarda ta san sunan hannu biyu kaɗai. Haka birebe yake: yana saka wa matakin da za a iya rubutawa a kai ofis, ya manta da matakan da ke gabansa da na bayansa.

Suka ta uku: mi shingen ya yi a kasuwa? An nemi birebe kan wannan abinci a 1997, da sunan Nutriset da IRD, aka kuma yi masa rajista a ƙasashe da dama, har da na Afirka inda ake buƙatarsa. A 2007 OMS da UNICEF da PAM suka fito da sanarwar haɗin gwiwa suka amince da jinyar tamowa a gida. Nan take buƙata ta yi tashin gwauron zabo, alhali kusan kashi 90 cikin ɗari na kasuwar na hannun Nutriset da masu aiki da lasisinsa. A 2009 kamfanin ya aika wa wani kamfanin Norwe takardar gargaɗi kan shigar da irin wannan abinci ta Kenya, har MSF ta rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa tana neman a sassauta. A ƙarshen shekarar wasu ƙungiyoyi biyu na Amurka suka kai ƙara kotu suna neman a rusa birebe ɗin. A 2010 Nutriset ya buɗe ƙofa: kamfanonin ƙasashe masu tasowa su yi amfani da dabarar, su ba IRD kashi 1 cikin ɗari na cinikinsu. Wa'adin birebe ya cika tsakanin 2017 da 2018.

Ku lura da wanda ke saye a wannan kasuwa. Ba uwar yaro ba ce, UNICEF ce da ƙungiyoyin agaji, kuma kuɗinsu ƙidayayye ne. Kwali ɗaya mai leda 150 shi ne kimanin jinyar yaro guda ta mako shida zuwa takwas. Kenan duk ƙarin da aka yi wa kuɗin kwali, a ƙarshen lissafi yawan yara ne ke raguwa. A 2008 UNICEF na sayen kwali wajen dalar Amurka 57. Da masu yin sa suka yawaita, bayan shekara goma ya sauko ƙasa da 45. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kasuwa shi kaɗai kan abincin da rai ya rataya a kai, ya ɗauki alkawarin wadatar da kowa a kan lokaci. In ba zai iya ba, hana wani ya yi ba shi da hujja.

Sai dai in na tsaya a nan na yi irin laifin baƙonmu, na faɗi rabi na ɓoye rabi. Nutriset na da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce ba don birebe ba, da manyan kamfanonin Amurka masu gujiya mai rahusa sun cika kasuwa, ba wata masana'antar Afirka da za ta ɗaga kai. Tun 2005 suka ba kamfanin STA na Yamai lasisi da dabarun aiki, ga shi ana yin biskit a cikin ƙasarmu, ƴan ƙasa na cin abinci a wurin. Wannan gaskiya ne. Haka kuma da wa'adin birebe ya cika, farashi bai faɗi warwas ba kamar na maganin sida. Dalili shi ne tsadar tana cikin kayan haɗi, musamman garin madara, wanda daga waje ake sayo shi. Sau da yawa ma wanda aka yi a Afirka ya fi na Faransa tsada: a shigo da madara da sinadarai da leda, a biya kwastan, a sha fama da wutar lantarki, a biya ruwan banki mai yawa, a kuma tantance gujiya saboda gubar da ruɓewa ke sa mata.

Amma ku duba da kyau, wannan amsa baƙonmu ta fi kayarwa. In cire shinge bai isa ya sa masana'anta ta tsaya da ƙafarta a Maraɗi ba, to kafa shinge ma ba zai isa ba. Jahar da a da ta cika jiragen ruwan Turai da gujiya, yau abin da ya hana ta sarrafa gujiyarta shi ne wuta da jari da ɗakin gwaji da madara. Ba rashin takarda ba ne.

Ban ce birebe ba shi da rana ba. Akwai abin da bincikensa ke cin kuɗi masu ɗimbin yawa, kwaikwayonsa kuma ba wuya, kamar sabon magani. A nan in babu kariya, mai jari zai yi ɗari-ɗari, wannan na yarda. Amma birebe alkawarin kasuwa ne, kuma alkawarin kasuwa ba ya jan kowa zuwa inda masu ciwon ba su da abin saye. Mu ɗauki sanƙarau, wanda duk ɗan Nijar ya san ɓarnarsa a lokacin zafi. Allurar MenAfriVac da aka fara yi wa jama'a a Burkina da Mali da Nijar a 2010 ba kwaɗayin shinge ne ya haifar da ita ba. OMS da ƙungiyar PATH suka kafa shirin a 2001 da kuɗin gidauniyar Gates. Aka fara tambayar hukumomin lafiya na Afirka abin da za su iya biya, aka tsayar da cewa kada allura ta wuce rabin dalar Amurka. Dabarar haɗin ta wani ɗakin binciken gwamnatin Amurka ce, tana da birebe, amma aka ba da lasisinta a kan abin da bai taka kara ya karya ba, kamfanin Serum Institute na Indiya ya yi aikin. Ga takarda nan, ba a yage ta ba, sai dai ba a bar ta ta ja ragama ba. Abin da ya yi aiki shi ne an biya kuɗin bincike tun farko, an kuma yanke farashi kafin a fara.

Bari in koma fannina kafin in rufe. Zuciyar takardar birebe wasu jimloli ne a ƙarshenta, inda mai nema ke zayyana iyakar abin da yake cewa nasa ne. Duk shari'ar a kan waɗannan jimloli take. Wanda ya rubuta "gujiya" ya killace gona ɗaya. Wanda ya rubuta "duk wani iri mai maiƙo" ya killace daji. Babbar sukar da aka yi wa birebe na biskit ke nan, cewa kalmominsa sun yi faɗin da kusan duk wani abincin jinya mai kama da shi zai faɗa ciki. Ashe faɗin shinge gwanintar mai alƙalami ce, kuma irin wannan alƙalami lauya ake ɗauka ya riƙe shi.

Mu a nan ofishinmu shi ne OAPI da ke Yawunde, mai ƙasashe 17, bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977. Da Faransanci ko Ingilishi ake shigar da takarda, a biya kuɗin nema, a kuma riƙa biya kowace shekara don kada ta mutu. Mafi yawan masu nema daga wajen ƙasashen ƙungiyar suke. A gyaran 1999 aka kai wa'adi shekara 20, alhali ƙasashe marasa ƙarfi irin tamu an ba su sararin jinkirtawa. To ina maƙerin da ya gyara injin niƙa a Damagaram, ko matar da ta gano yadda ƙuli-ƙulinta zai daɗe bai yi ɗaci ba, za su shiga nan? Iliminsu a baki yake da hannu. Ba za a ba su birebe a kansa ba, don an ce ba sabo ba ne. Kuma da yake ba a rubuce yake ba, mai duba takarda a ofis ba zai same shi a kundi ba in wani ya zo ya ce shi ya fara. Ƴan uwanmu na jahar Tawa sun ɗanɗana irin wannan. Wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi takardar mallakar iri a OAPI da sunan albasar Galmi, wadda manoma suka daɗe suna zaɓar irinta. Sai da manoma da hukuma suka tashi tsaye a 2009 sannan aka bar sunan. Ba birebe ba ne daidai, ƙaninsa ne, amma ofis ɗaya ne, harshe ɗaya, hali ɗaya.

Don haka ga abin da na so in tambayi baƙonmu. Cikin takardun da ke aiki a ƙasarmu, nawa ne na ƴan ƙasa? Wanda aka ba kariya a nan, an wajabta masa ya ƙera a nan ko ya koya wa wani? In abin na ceton rai ne kuma mai shi ya kasa wadatarwa, hukuma ta shirya amfani da damar da doka ta ba ta, ta ba wani izinin yi ko mai shi bai so ba? Sanarwar Doha ta 2001 ta tabbatar wa ƙasashe wannan dama kan lafiyar jama'a. Duk wanda zai yi mana jawabin birebe bai taɓo waɗannan ba, tallar rajista ya zo yi.

Mu kuma ƴan wannan ƙungiya akwai aikin da ke wuyanmu, kuma ba ya buƙatar jari. Mu riƙa rubuta sana'o'in gidajenmu da Hausa, dalla-dalla, da kwanan wata da sunan gari: yadda ake jima, yadda ake kilishi, yadda ake zaɓar irin albasa, yadda ake matsar mai. Abin da aka wallafa ya zama shaida, ba wanda zai zo daga baya ya ce shi ya ƙirƙiro. Ko ɗan littafin nan namu na fotokofi wallafa ne. Sai dai a nemi yardar masu sana'a tukuna, domin akwai sirrin da su ma ba su so ya fita, kuma haƙƙinsu ne.

Ni na fara. A hutun da ya wuce na zauna gefen murhun Inna da littafi da biro, tana suya ina tambaya. Da na yi mata bayanin birebe, na ce akwai lokacin da in kamfani ya haɗa irin biskit ɗin nan ba izini ana iya kai shi kotu, sai ta tsaya da juya gujiya ta ce: "To ni da na ba ka shi da hannuna har ka tashi, nawa aka rubuta mini?" Na ce ba a rubuta ba, Inna. Ta ce: "To rubuta."

Wanda ke ganin na yi kuskure, musamman ƴan uwa na sashen tattalin arziki da na shari'a, fili na nan a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu dace.